«Tsufa ne, Baba, sai haƙuri»: wa ya koya wa ma'aikatan lafiyarmu duban dattawa?

Akwai wani magani da ya fi kowane magani fita daga gidajen likitan karkararmu. Ba a sayen sa a farmasi, ba ya ƙarewa a sito, kuma tun da aka fara ba da shi bai taɓa tayar da kowa daga tabarma ba. Maganin shi ne kalmar nan da ake sallamar dattawa da ita: «Tsufa ne, Baba, sai haƙuri.» Daga Agye zuwa Caduwa, daga Gazawa zuwa Gangara, daga Gidan Rumji zuwa Tsibiri da Cadakori, da wuya a sami gidan da ba a taɓa maido masa tsoho ko tsohuwa a kan amalanke da wannan hukunci ba. Tsohon da fitsari ya riƙe, tsohuwar da idonta ya yi yana, wanda jiri ke kayarwa, wadda ta fara manta sunan jikokinta, duka a kwando ɗaya ake zuba su, a rufe da faifan haƙuri.

Mu dai a nan za mu faɗi abin da kunya ke hana mutane faɗi. Tsufa ba cuta ba ne. Cututtukan da ke zuwa tare da shi suna da suna, suna da alamomi, da yawansu kuma suna da magani mai arha. Malamin asibitin da ya ce «tsufa ne» sau da yawa abin da yake nufi shi ne ba a koya masa abin da zai yi ba. Saboda haka kada a bar jaki a doki taiki. Ƙararmu ba ta kan majon da ke shi kaɗai a CSI, yana karɓar haihuwa da tsakar dare, da safe ya tarar da layin uwaye har bakin ƙofa. Tana kan waɗanda suka tsara karatunsa, da waɗanda ke zaɓar masa horon da zai samu bayan ya kama aiki, wato ma'aikatar lafiya ta Yamai, da makarantun koyon aikin likita, da ƙungiyoyin da ke riƙe da jakar kuɗi.

Gidan da aka gina wa uwa da ɗa

Adalci ya sa mu fara da yabo. A binciken ƙasa kan al'umma da lafiya na 1992, cikin yara 1000 da aka haifa a Nijar, 318 ba su kai shekara biyar. A binciken 2012 adadin ya sauko zuwa 127. Wannan aiki ne da ƙasashe kaɗan suka yi irinsa, kuma hannun ma'aikatan karkara ne ya yi shi. An kai ga haka domin an zauna an yanke shawara, an zuba kuɗi, an horar da mutane. Daga 2001 shirin musamman na shugaba Tanja Mamadu ya cika ƙauyuka da ƙananan ɗakunan shan magani. A 2005 aka mai da aikin fiɗar haihuwa kyauta, a 2006 aka ƙara da awon ciki da maganin yara ƴan ƙasa da shekara biyar. Yunwar 2005, wadda ta mai da Maraɗi abin kallon duniya, ta jawo ƙungiyoyi irin su MSF, aka buɗe cibiyoyin jinyar tamowa, aka koya wa ma'aikata har da uwaye auna damtsen yaro da ɗan zare mai launi uku.

Duk wanda ya shiga CSI a gundumomin nan uku zai ga sakamakon wannan tarihi da idonsa. Akwai ranar awon ciki, akwai ranar rigakafi, akwai littafin awon jarirai, akwai na tsarin iyali, akwai na tamowa. Hotunan da ke manne a bango na mai ciki ne da mai shayarwa. Rahoton da majo zai aika gunduma a ƙarshen wata, shi ma a kan waɗannan ake auna ƙoƙarinsa. To ina littafin tsoho? Wace rana ce tasa? Wane mai sa ido ne ya taɓa tasowa daga Maraɗi a cikin kat-kat domin ya tambayi majo dattawa nawa ya auna wa jini a watan da ya wuce? Ma'aikaci ɗan Adam ne: abin da aka koya masa, ake kuma tambayarsa a kai, shi yake yi.

Tun da aka kafa dokar biyan kuɗin magani a 1995, shekara guda bayan karyewar darajar sefa ta Janairun 1994, talaka ya san ba a shiga likita hannu banza. Jerin waɗanda aka yafe wa biya a 2005 da 2006 bai haɗa da dattawa ba. A watan Agustan 2024 gwamnatin Janar Tiani ta rage kuɗin ganin likita da na ayyukan asibitocin gwamnati da rabi, kuma babu mai hankalin da zai raina wannan sauƙi. Amma rage kuɗin shiga ɗaki abu ne dabam, ilimin wanda ke zaune a cikin ɗakin abu ne dabam. Tsohon da ya biya rabin kuɗi aka ce masa «tsufa ne» ya yi asarar rabin da ya biya.

Waɗanda lissafi ya manta

Ƴan boko na son lissafi, to ga lissafi. Manyan binciken lafiya da ake gina tsare-tsaren ƙasa a kansu, irin na 2012, mata ƴan shekara 15 zuwa 49 suke yi wa tambayoyi, maza kuwa ƴan 15 zuwa 59. Ke nan mace ta cika 50, namiji ya cika 60, sun fita daga takarda. Wanda ba ya cikin takarda ba ya cikin kasafi, wanda ba ya cikin kasafi kuwa babu mai shirya horo dominsa.

Ƙidayar 2012 ta nuna mutanen Nijar sun haura miliyan 17, jahar Maraɗi kaɗai tana da kimanin miliyan 3 da dubu 400. Waɗanda suka kai shekara 60 ba su wuce kimanin kashi 4 cikin 100 na ƴan ƙasa ba. Da wannan ɗan kaso ake rufe mana baki. Amma kashi 4 na mutanen jahar Maraɗi ya haura mutum dubu 100 nesa ba kusa ba, tun a wancan lokaci. Tsawon ran da ake sa wa jaririn Nijar ya tashi daga shekara 40 da ƴan kai a 1990 zuwa sama da 60. Ma'anar wannan a fili take: yaran da muka ceto daga ƙyanda da zazzaɓi da tamowa za su girma, za su tsufa, za su dawo ƙofar likitar nan da hawan jini da ciwon suga. Ƙasar da ta yi nasarar hana yaranta mutuwa ta ɗaukar wa kanta alkawarin tsofaffi masu yawa, ko ta shirya ko ba ta shirya ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A gundumar Gidan Rumji akwai ƙarin nauyi. Daga 2019 dubun dubatar mutane suka tsallako daga Zamfara da Sakkwato da Katsina suna gudun ƴan bindiga, hukumar HCR ta tsugunar da wasunsu a Ɗan Daji Makau da Garin Kaka da Cadakori. A cikin masu gudun akwai tsofaffin da aka goyo, da waɗanda suka baro ƴaƴansu a kabari, da waɗanda maganin da suke sha ya yanke tun ranar da suka bar gida. Ma'aikacin da aka horar kan auna damtsen yaro, shi aka tsayar a gabansu.

Abin da ya kamata a koya

Kada wani ya ce muna neman a mai da kowane majo farfesa. Ilimin da muke magana a kai ɗan kaɗan ne, sananne ne, yana cikin littattafan likitanci na duniya. Bari mu zayyana shi domin mai karatu ya yi hukunci da kansa.

Na farko, jikin tsoho ba ya nuna ciwo yadda na saurayi ke nunawa. Tsoho na iya kamuwa da ciwon huhu ko ciwon mafitsara mai tsanani jikinsa bai yi zafi ba. Alamar kawai ita ce ya daina cin abinci, ko ya faɗi, ko ya wayi gari yana sambatu. Ruɗewar da ta zo farat ɗaya, cikin kwana ɗaya ko biyu, ƙararrawa ce: a nemi ƙwayar cuta, a duba sugan jini ko ya faɗi, a taɓa mara ko fitsari ya taru, a duba ko ruwan jiki ya ƙare. Duk waɗannan ana magance su. Wanda bai san haka ba sai ya ce gigin tsufa ne, iyali su koma gida su nemi mai ruƙiyya, bayan kwana uku a yi jana'iza a ce kwana ya ƙare.

Na biyu, magani. Ƙodar ɗan shekara 75 ba ta tace magani kamar ta ɗan 25, don haka awon da ya dace da ɗa yana iya zama guba ga uba. Dattawanmu masu ciwon gwiwa da baya sun zama abokan cinikin masu tallar ƙwayoyi a kasuwanni da tashoshi. Diclofenac da suke haɗiya kullum yana cin tumbi, yana lalata ƙoda, yana tayar da jini. Dexamethasone da ake sha wai don ƙarfin jiki yana tayar da suga, yana rage ƙarfin ƙashi. Malamin da aka horar zai fara da cewa: «Baba, kawo mini duk abin da kake sha in gani.» Wanda ba a horar ba zai ƙara masa takardar magani a kan waɗanda ke aljihunsa.

Na uku, hawan jini da ciwon suga. Awon jini ba ya cin minti biyar. Jinin da ya zauna a 14 bisa 9 ko sama da haka yana bukatar bibiya, kuma maganinsa na har abada ne, ba irin na zazzaɓi ba da ake sha kwana uku a ajiye. Rashin wannan bayani ɗaya shi ke sa dattijo ya sha magani wata guda, ya ji sauƙi, ya daina, sai a ji ɓarin jikinsa ya shanye a gona. Haka kuma maganin da ya yi ƙarfi yana sa jiri idan tsoho ya miƙe tsaye, ya faɗi ya karya ƙugu, karayar da ba kasafai mai shekaru ke tashi daga gare ta ba. Ga azumi, ga zafin bazara. Tsoho ba ya jin ƙishirwa da wuri ko da jikinsa ya bushe, mai ciwon suga kuma da ke shan wasu ƙwayoyi yana iya suma idan ya wuni bai ci ba. Addini ya yi sauƙi ga tsoho da majinyaci, amma sai an sami ma'aikacin da ya san lokacin da zai ce: «Malam, bana ka ciyar.»

Na huɗu, ido da kunne da fitsari. Yanar ido ita ce babbar sanadin makanta a duniya, kuma aikin da bai kai sa'a guda ba yana maido gani. Ma'aikacin ƙauye ba zai yi aikin ba, amma da ƴar tocila zai gane ta, ya tura mai ita wurin da ake yi kafin ta faɗa hannun masu soke ido da tsinke, waɗanda sau da yawa ke ƙarasa makantar. Dattijon da kumburin da ke wuyan mafitsara ya toshe wa fitsari yana cikin azabar da robar fitsari ke kawarwa nan take, in akwai robar, in kuma akwai hannun da ya iya sa ta ba tare da ya ji masa rauni ba. Agye tana da nisan kimanin kilomita 80 daga Maraɗi, Gidan Rumji kimanin 50, ƙauyukan da ke bayan kwalta kuwa sai amalanke ko kabu-kabu. Wanda bai taɓa ganin tsoho mai cikakkiyar mara a bayan babur ba, bai san abin da ake kira nisa ba.

Na biyar, jinyar wanda ya kwanta. Mai shanyewar jiki da ba a juya shi bayan kowace sa'a biyu, gyambo zai huda masa baya da ƙugu. Matan gida ke wannan jinya, kuma babu wanda ya nuna musu yadda ake juyawa, da yadda ake ba da kunu ba tare da ya sarƙe ba, da yadda ake motsa gaɓoɓi don kada su sandare. Haka nan tsohuwar da ƙwaƙwalwarta ta fara lalacewa, tana fita da dare tana ambaton matattu, in babu ma'aikacin da zai gaya wa dangi cewa ciwo ne na ƙwaƙwalwa, unguwa za ta ba ta wani suna, sunan kuwa kowa ya san shi: mayya.

Na shida, ladabin magana. Yarinya ƴar shekara 22 da aka turo daga makaranta, ta yaya za ta tambayi sa'an kakanta labarin fitsarinsa? Saurayi ta yaya zai duba tsohuwar da ke kallonsa a matsayin jika? Kunya ta sa dattawa na ɓoye rabin ciwonsu, kunya ta sa ma'aikata ba su tambaya. Wannan ma koyon sa ake yi: a keɓe wuri, a zauna kusa, a yi magana a hankali ana fuskantar mai nauyin ji, a yi da Hausa ko Fulatanci, a bar Faransanci a cikin littafi.

Hujjojin masu hujja

Za a ce mana ƙasar da rabin mutanenta ba su kai shekara 15 ba, kuma mace ke haihuwar ƴaƴa bakwai da ɗoriya a lissafin 2012, dole ta fara da yara. Mun yarda, a fara da yara. Amma wa ke riƙe da yaran? Idan rani ya yi, maza sun tafi biɗa Nijeriya ko Agadas ko Libiya, uwa tana wurin ruwa ko itace ko sabon goyo, kaka ce ke zama da wanda aka yaye. Ita ke dama masa fura, ita ke yanke shawarar a kai shi likita ko a jiƙa masa sassaƙe. Kakar da ta makance ko ta kwanta, wata yarinya ake cirewa daga lakwal ta yi jinyarta, wata akuya ake sayarwa, wani buhun hatsi ke fita daga rumbu. Mai son lafiyar yaro da ke ƙyale lafiyar kaka yana ɗiban ruwa ne da kwando.

Za a ce kuma mu Hausawa ba mu yar da tsofaffinmu kamar Turawa, iyali ke kula da su. Wannan magana tana da daɗin faɗi a ranar 1 ga Oktoba, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wa dattawa, lokacin da ake raba buhun shinkafa da bargo a gaban kyamara. Gaskiya ne iyali na ɗawainiya, har fiye da ƙarfinsu. Amma ƙauna ba ta auna jini, biyayya ba ta cire yanar ido. Gandun da ya haɗa uba da ƴaƴa a gona ɗaya ya daɗe da fara watsewa a jahar Maraɗi, inda gonaki suka tsuke, manomi kuwa ba shi da fansho. Ɗora komai a kan al'ada hanya ce ta sauke nauyin hukuma a kan matan gida.

Za a ce babu kuɗi. A Abuja a 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawarin ba lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafinsu. A Madrid a 2002 duniya ta amince da shirin aiki kan tsufa. Tsarin mulkinmu na 2010, wanda aka dakatar bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ya ɗora wa gwamnati kula da dattawa, aka kuma fitar da manufar kare al'umma ta ƙasa a 2011. Tarayyar Afirka ta amince da yarjejeniyar haƙƙin tsofaffi a 2016. Majalisar Ɗinkin Duniya ta kira 2021 zuwa 2030 shekaru goma na tsufa cikin lafiya. Daga Taron Ƙasa na 1991 zuwa yau farar hula da soja sun yi ta karɓeɓeniyar mulki, kowa ya zo da nasa jawabin girmama iyaye. Takarda ba ta yi mana ƙaranci ba. Abin da muke nema bai kai kuɗin kat-kat ɗaya ta ayarin minista ba: na'urar awon jini mai aiki, abin gwada suga da tsinkayensa, robar fitsari, tocila, da kwanakin koyarwa.

Wasu sun riga mu. Senegal ta kafa shirin Sésame a 2006, zamanin Abdoulaye Wade, domin ƴan shekara 60 zuwa sama su sami magani kyauta. Shirin ya yi fama da bashin da gwamnati ba ta biyan asibitoci, kamar yadda namu na yara ya yi, kuma darasi ne a gare mu cewa kyauta ba tare da tanadi ba wahala ce. A Nijeriya asibitin koyarwa na Ibadan ya buɗe cibiyar jinyar tsofaffi a 2012. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta fitar da jagorar da ake kira ICOPE a 2017, da littafin aikinta a 2019, domin ma'aikatan matakin farko irin namu. Gwajin da ke ciki ba ya bukatar wutar lantarki: a gaya wa tsoho kalmomi uku ya maimaita bayan ɗan lokaci, ya tashi daga kujera sau biyar cikin daƙiƙa 14, a yi masa raɗa a ji ko ya ji, a tambaye shi ganinsa, da cin abincinsa da ramarsa, da ko baƙin ciki ya dame shi. Wane ɗakin shan magani ne a Gangara ko Saye Sabuwa ya rasa kujera?

Ba taron otel muke nema ba

Mun san abin da zai faru idan wannan kira ya shiga kunnen manya. Za a shirya taron ƙara wa juna sani a wani otel, a rataya ƙyalle mai dogon rubutu, babban baƙo ya buɗe, a sha shayi da nama, a raba jaka da kuɗin zama, a rufe da jerin shawarwari. Waɗanda za su halarta su ne shugabannin ofis da ba su taɓa sa wa kowa robar fitsari ba, majon da ke bukatar ilimin kuwa an bar shi tsaron likita. Wannan cuta ta kuɗin zama ta daɗe tana cin aikin lafiya a ƙasar nan, har ta kai ma'aikaci na auna darajar horo da nauyin ambulan ɗin da zai karɓa.

Alhali kuwa a jahar nan muna da misalin horon da ya yi aiki. A yaƙi da amodari, shirin lafiyar ido na ƙasa, da taimakon Cibiyar Carter da Helen Keller International, ya koya wa malaman asibiti na gundumomi aikin gyaran fatar idon da gashinta ya juya yana soke ƙwayar ido, ciwon da ya fi kama mata masu shekaru. An koya musu da hannu, a kan majinyata, ƙarƙashin idon gwani, suka shiga ƙauyuka suka ceci ganin dubban mutane. A fannin noma ma, sassaben zamani da ya maido itatuwa a gonakin Ɗan Saga da kewayen Agye ya yaɗu ne domin manomi ya nuna wa manomi a cikin gona. Ilimin da aka koya a wurin aiki shi ke zama. Idan malamin asibiti zai iya riƙe wuƙa a kan fatar ido, me zai hana shi koyon duban tsoho daga kai zuwa ƙafa?

Abin da muke nema

Muna kira ga makarantun ENSP na Yamai da Damagaram, da makarantun kuɗi da suka yawaita a birane, da sassan likitanci na jami'ar Abdu Mumuni da ta Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, su mai da jinyar dattawa darasi mai zaman kansa, mai jarrabawa, mai kwanakin aiki a gaban gadon majinyaci. Kada a ba kowa takardar shaida sai ya duba tsofaffi da hannunsa.

Muna kira ga hukumar lafiya ta jahar Maraɗi da likitocin gundumomin Agye, Gazawa da Gidan Rumji su kai horon inda ma'aikata suke. Malami ya je CSI ya kwana, a kira dattawan gari, a duba su tare, a dawo bayan wata uku a ga abin da ya zauna. A fara da majo da ungozoma da ma'aikacin ɗakin shan magani, a bi da wakilan lafiya na ƙauyuka da ke shiga gida gida.

Muna kira a buɗe littafin dattawa a kowace likita, a sa shi cikin rahoton wata, domin abin da ake ƙirgawa shi ake yi. A keɓe musu rana guda a mako, in ta yi daidai da ranar kasuwa ya fi, tun da ranar ake samun abin hawa. Maganin hawan jini da na suga su zauna a farmasin CSI ba yankewa.

Muna kira ga sarakuna, tun daga fadar Sarkin Gobir a Tsibiri har zuwa masu gari, da limamai da gidajen rediyon karkara, su gaya wa jama'a cewa kai tsoho likita ba rashin tawakkali ba ne. Wanzamai da masu ɗori, waɗanda dattawa suka fi yarda da su, a jawo su a nuna musu alamomin da ke cewa wannan ya wuce hannunsu.

Ga ƙungiyoyin ƙetare kuwa, waɗanda kuɗinsu ke yanke abin da za a koya da abin da za a bari, muna cewa majinyaci ba ya zuwa da tambarin aikinku a goshi. Majon da kuka horar kan tamowa shi ne dai zai karɓi kakan yaron gobe.

Masu sa hannu a kan kasafi da manhajar karatu yawancinsu sun haura 50. Suna da damar hawa jirgi zuwa Tunis ko Alƙahira idan jini ya hau. Amma suna da iyaye da gwaggwanni a ƙauye, kuma kujera ba ta dawwama, jirgi ma ba kullum yake tashi ba. Wata rana ɗayansu zai sami kansa a kwance a gaban wani yaro mai farar riga a wata likitar karkara, kuma abin da yaron zai iya yi masa a ranar shi ne abin da aka koya masa a makarantar da shi mai kujerar ya sa wa hannu. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.